Kujerar Sassaƙe da Fataken da Suka Yi Dakonta

Da aka ce a zaɓi haja ɗaya a ba da tarihinta a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, yawancin dattawa goro suka ambata, wasu shanu, wasu albasa. Duk an sha ba da labarinsu. Mu sai muka ɗauko wadda ba a cika son a yi zancenta a taro ba, ko da yake ta gina wa mutanenmu gidaje a Maraɗi da Kano da Tawa, ta kuma kai wasu Makka. Muna nufin tsofaffin kujeru da gadaje da ƙyamare na sassaƙe, waɗanda 'yan kasuwa ke haɗawa da sauran kayan gargajiya su ce musu katako kawai.

Sai mun fara da gida kafin a gane yadda abin ya faru. Bahaushe mutumin tabarma ne da buzu. Ɗakinsa na da, in ka cire gadon kara ko gadon ƙasa, babu wani abin hawa a ciki. Kujera ta mata ce, 'yar tsugunno da ake ajiyewa gefen murhu ko bakin turmi. Sarautarmu kuwa a rawani take da alkyabba da sanda. Masassaƙinmu gwani ne, amma gwanintarsa ta tafi ga turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙota da sirdi. Ya san ƙirya ce ke jure daka, ya san aduwa ce ke ba da allon da ke karɓar tawada. Da wannan ido kakanninmu suka fita fatauci, idon da ke ganin kujera a matsayin abin da mace ke zama a kai tana tuƙa tuwo.

Ayarin Gwanja yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da kayan fata, madugu na gaba, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, inda goron Tonawa ke jiransa. Tonawa shi ne sunan da kakanninmu ke kiran mutanen Asante. Wasu daga cikin malamai da fataken arewa ba su tsaya Salaga ba, sun shiga har Kumasi. Baturen Ingila Bowdich da ya je can a 1817 ya tarar da Musulmi suna da fada a ji a fadar. A nan ne suka gamu da mutanen da kujera ita ce sarautarsu. Har gobe tsarin mulkin Gana yana kiran ƙasar masarautun kudu ƙasar kujera, ta arewa kuma, wajen Dagwamba da Gwanja, ƙasar fata, domin su a kan fata sarkinsu ke zama.

Kujerar Tonawa ta cancanci a tsaya a dube ta, domin da yawa cikinmu sun sayar da ɗaruruwanta ba su taɓa kifa ɗaya sun duba ƙarƙashinta ba. Daga gungume ɗaya ake fitar da ita. Babu ƙusa, babu gam, babu haɗi. Itacen da aka fi so shi ne wanda suke kira sese, fari ne, mara nauyi, mai laushi in yana ɗanye. Tun a daji masassaƙi ke rage gungumen da gatari ya fitar da siffa, sannan ya ɗauko shi gida ya bi shi da gizago da wuƙa da ƙananan ƙarafa masu kaifi na rarake ciki. Kashi uku gare ta: gindi shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, da ginshiƙan tsakiya, da mazauni mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Wahalar aikin a tsakiya take. A nan ake rarake itacen har iska ta riƙa ratsa shi, a bar ginshiƙai huɗu a gefe da babba ɗaya a tsaka mai huje-huje, ko a fitar da siffar dabba ko ƙulli. In hannu ya goce sau ɗaya, gungumen ya tashi aiki, tunda ba a ɗora wani itace a gyara. Kafinta yana iya cire katakon da ya ɓata ya sa wani. Masassaƙi ba shi da wannan dama.

Kowane zane da sunansa da mai shi. Rattray, jami'in Ingilan nan da ya iya Hausa har ya wallafa tatsuniyoyinmu a 1913, ya tattara sunayen zanen kujerun a littafinsa kan addini da fasahar Asante na 1927. Mai siffar giwa da mai siffar damisa na Asantehene ne, talaka ba ya sa a yi masa. Akwai ta mata daban. Uba yakan ba ɗansa 'yar kujera in ya fara rarrafe, miji yakan ba amaryarsa don ta zauna gidan da gindinta, a kan kujera kuma ake yi wa mamaci wanka. Suna wanke ta da yashi da lemun tsami har ta yi fari fat. In mai ita ya tashi, sai a kishingiɗar da ita gefe, don a ganinsu ran mutum yana tare da kujerarsa, bai kamata a bar ta a buɗe wani abu ya hau ba. Sarkin da ya mutu a kan mulki da mutunci kuma, sai a baƙanta kujerarsa da kunkunniya da ƙwai, a shigar da ita ɗakin kujerun magabata, inda ake zuwa yi mata hidima a ranakun da suka keɓe. Wannan baƙar kujera ba ta sayarwa ba ce ko kusa. Duk wadda ka gani a kasuwa, ko dai ta bogi ce ko kuwa sato ta aka yi.

Abin da zai ba ɗan ƙungiyarmu sha'awa shi ne akwai hannun arewa a jikin waɗannan kujeru. Layun da ake ratayawa a kujerun sarakunansu, malaman Musulmi ne ke rubutawa, a ɗinke su cikin fata. Bargon nan mai kauri da suke kira nsaa, wanda ake shimfiɗa wa manyan kayan sarauta, daga arewa fatake ke kawo shi. Wato kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna sayar wa kujera sutura, ba su taɓa tunanin ita kanta haja ba ce.

Wanda ya fara yi wa kujerar Tonawa kallon abin ɗauka shi ne Bature, kuma ya ji jiki. A 1874 sojojin Wolseley suka ƙone Kumasi suka kwashe kayan fada. A 1896 aka kama Asantehene Prempeh na ɗaya aka fitar da shi daga ƙasar. Ran 28 ga Maris 1900 gwamna Hodgson ya tara sarakuna a Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Ita ce wadda suka yi imani boka Okomfo Anokye ya saukar wa Osei Tutu daga sama, kuma a cikinta ran al'ummar Asante yake. Ko Asantehene ba ya zama a kanta, ita ce ma ake ɗorawa a kan tata kujerar. Maganar gwamnan ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. Aka tsare gwamna da matarsa cikin ganuwar Kumasi har watan Yuni kafin su samu su sulale. Turawa sun ci yaƙin, sun kai Yaa Asantewaa tsibirin Seshel inda ta rasu a 1921, amma kujerar ba su same ta ba. Sai a 1935, da aka maido da haɗin kan masarautar a zamanin Prempeh na biyu, aka fito da ita bainar jama'a. A nan akwai abin da ba ma son tunawa: sojojin da suka tsare wa gwamna ganuwa, Hausa ake kiransu, kuma da Hausa ake ba su umarni, ko da yake ba dukansu ne Hausawan asali ba. Mu mazauna zango a Kumasi mun san wannan tarihi bai gama gogewa daga zukatan masu masaukinmu ba.

A gabas kuma, a ƙasar Bamun ta Kamaru, labarin ya bi wata hanya. Jamusawa sun isa Fumban a 1902 suka tarar da Sarki Njoya, mutumin da ya ƙirƙiro wa harshensa rubutu, wanda kuma fataken Hausawa da malaman Fulani suka riga suka saba da fadarsa. Suka ga karagar mahaifinsa Nsangu, wadda ake kira Mandu Yenu. Itace ne aka sassaƙa, aka lulluɓe shi da yadi, aka ɗinke shi kaf da duwatsun gilashi masu launi da wuri. Mutum biyu, mace da namiji, suna tsaye bayan mazaunin, macizai masu kai biyu sun zagaye shi, a matakin ƙafa kuma dogarai biyu riƙe da bindiga. Duwatsun nan ba a Fumban ake yin su ba, fatake ne ke kawo su daga nesa, yawansu a jikin karaga shi ke nuna ƙarfin arzikin sarki. Jamusawa suka ƙwallafa rai a kanta. A 1908 Njoya ya aika da ita ga Sarkin Jamus Wilhelm na biyu a matsayin kyautar ranar haihuwa, ya riƙe wata irinta a gida. Ko kyauta ce ta son rai ko ta wanda ba shi da yadda zai yi, har yau ana gardama. Mu da muka san abin da ake kira kyauta a shingen hanya, muna da namu ra'ayin. Kyautar ba ta tsare masa mulki ba: Jamusawa suka tafi, Faransawa suka zo suka rage masa iko, suka kai shi Yawunde a 1931, ya rasu can a 1933. Karagar tana birnin Balin har yanzu. A 2023 jikan gidan, Sarki Nabil Mbombo Njoya, ya ziyarci gidan tarihin da take, ya hau ya zauna a kanta a gaban ma'aikatan wurin.

To, yaushe muka shigo? Bayan yaƙin duniya na biyu, musamman wajen samun 'yancin kai, Turawan da ke aiki a Ikko da Kaduna da Kumasi da Abijan suka fara neman abin da za su koma da shi gida. Ɗan koli Bahaushe da ke zagaya gidajensu da jakunkunan fata da kayan tagulla na Bida shi ya fara lura cewa Bature yana tsallake sabon kaya mai ƙyalli ya nuna tsohuwar kujerar da mai gadi ke zaune a kai. Daga nan kasuwa ta buɗe. Hanyoyin da goro ya share, da zangon da ya kafa, da tsarin maigida da dillali da la'ada, duk suka karɓi sabuwar hajar ba tare da an canja komai ba. Yara su shiga ƙauye su tattaro, maigida ya ajiye a sito, dillali ya kai wa mai saye. A shekarun 1970 da 1980 Abijan ce cibiya, sitocin mutanenmu a unguwar Tireshibil cike suke har rufi. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da su ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 1994. Daga baya harkar ta bazu zuwa Lome da Kwatano da Duwala, har wasu suka kama ɗakunan ajiya a Faris da Burasal da Niyok.

Ƙasar da aka fi yi wa shara ita ce Nufe. Kujerar Nufawa ma daga gungume ɗaya take, mazauninta zagayayye ko mai kusurwa huɗu, an zane shi da layuka da da'irori irin na jikin ƙwarya, ga ƙafafu takwas ko goma ko fiye, wani lokaci a jere biyu, ɗaya cikin ɗaya. Yadda masassaƙi ke shigar da ƙarfe tsakanin ƙafafun nan ya rarake ba tare da ya karya ko ɗaya ba, shi ne abin kallo. Babu siffar mutum a jikinta, saboda haka ko mai tsantseni a cikinmu bai ga laifin ɗaukarta ba. Ƙyamarensu ma haka, falankai uku ko huɗu a jere, cike da zanen tsuntsu da ƙadangare da takobi da allo, irin waɗanda gidan Sakiwa na Lapai ya yi suna a kansu. Wani dattijonmu, Allah ya ƙara masa lafiya, yakan ba da labarin yadda suke cika a-kori-kura da kujerun roba da kwanonin samira su shiga ƙauyukan bakin Kaduna da Kwara. Kujerar roba ɗaya a karɓi ta sassaƙe ɗaya, matan suna ta godiya, suna ganin sun cuci baƙo. Ya ce tsohuwa ɗaya ce ta taɓa hana shi. Ta ce masa, "Malam, a kan wannan aka yi mini wankan aure, a kanta na yi wa 'ya'yana tara wanka. Ka ba ni robar in kana so, amma wannan tana nan." Ya ce ya ba ta robar ya wuce, kuma cikin dubban da suka ratsa hannunsa ita kaɗai yake iya tuna zanenta.

A arewa fari ne ya yi mana aikin. A 1973 da 1974, sannan a 1984 da 1985, da dabbobin Buzaye suka ƙare, suka gangaro Agadas da Tawa da Yamai har Kano suna sayar da abin da ya rage: azurfar mata, da sirdin raƙumi, da turakun tanti da ƙafafun gado waɗanda maƙeransu suka sassaƙa. An saya da arhar yunwa. Ba mu ce duk wanda ya saya ya yi zalunci ba, domin kuɗin sun ciyar da iyali a ranar da babu mai ba su komai. Amma kayan ba su dawo ba.

Tsoho ba ya haihuwa. Da na ainihin suka fara ƙarewa, masu saye kuma ba su daina nema ba, sai aka koma ƙera tsufa. Wannan ba asiri ba ne a tsakaninmu. A sa masassaƙi ya yi sabuwa, a rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi wata da watanni, a shafe ta da man kaɗe da toka ko man takalmi, a fesa mata ruwan goro, a binne gindinta gara ta ɗan taɓa, a goge mazaunin da tsumma har ya yi santsi kamar an shekara hamsin ana zama. Fumban ta zama babbar maƙerar wannan aiki, inda za a yi maka kujerar kowace ƙabila, har da wadda masassaƙin bai taɓa taka ƙasarta ba. Wanda ya fi kowa asara a nan shi ne mai gizagon. Aikinsa ne ake sayarwa da tsada a Turai, amma sharaɗin tsadar shi ne a ce wanda ya yi ta ya mutu tun tuni kuma ba a san sunansa ba. In ya sa hannu a jikinta, darajarta ta faɗi. Ta haka muka koya wa gwanaye ɓoye kansu, muka kuma koya wa 'ya'yansu cewa sana'ar ba ta da suna, gara acaɓa.

Dokoki sun daɗe da zuwa, mu ne muka yi kamar ba mu ji ba. Gana ta yi dokar gidajen tarihi a 1969 wadda ta wajabta takardar izini kafin a fitar da kayan tarihi. Yarjejeniyar UNESCO ta hana fataucinsu ta ɓarauniyar hanya ta zo a 1970. Nijeriya ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da muke taƙama da ita ta buɗe wa mutum hanya, ba ta wanke irin wannan kaya ba. Wani ɗan'uwanmu ya gane haka a wata iyaka da ba za mu ambata ba. Sabbin kujeru ne cike da mota, ya sha wahala ya tsufar da su don wani mai saye. Jami'in kwastan ya duba ya ce kayan tarihi ne, ina takarda? Ya rantse ya maimaita cewa bara aka sassaƙa su, jami'in ya ce idonsa ba ya yi masa ƙarya. Ƙaryar da aka shirya wa Bature ita ta kama mai ita, kayan kuma suka kwana can har damina ta lalata su.

Yanzu iska ta juya, masu kaya suna neman abinsu. A Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 da sojojin Dodds suka kwashe daga Abome a 1892, cikinsu har da karagun sarakuna Gezo da Gilele da ƙyamaren fada. A 2024 gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar wa Asantehene kaya bakwai, ciki har da kujerar sarauta mai ƙusoshin tagulla, gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka kawo wasu 32, amma aro suka ce, ba mayarwa ba. Duk an baje su a fadar Manhyia. Wannan ya taɓa kasuwarmu kai tsaye. Mai saye na ƙwarai a yau tambayarsa ta farko ita ce daga ina, ta hannun wa, a wace shekara ta bar ƙasarta. Ɗan kasuwar da amsarsa ita ce "daga daji" ya rasa ciniki.

Sai matsalar itacen kansa. Masassaƙan Ahwiaa, garin da ke kan hanyar Mampong daga Kumasi wanda ya shahara da kujera, suna kukan cewa sese ya yi nisa ya yi tsada. A ƙasashenmu na arewa madobiya ce ta ga ta kanta. An yi shekaru ana loda gungumenta a kwantena daga Gana da Togo da Benin da Nijeriya zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje da ita a kan salon na sarakunansu na da. Su suna raya tsohon salonsu da itacenmu. Barnar ta kai aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun farkon 2017, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta daga ƙasashen yankin. Cikin masu motocin da suka yi dakon gungumen nan akwai 'yan ƙungiyarmu.

Akwai shawarar da wasu matasanmu masu sito a Kumasi da Lome suka kawo, wadda za a tattauna a zaman bana. Sun ce duk sabuwar kujerar da ɗan ƙungiya zai ɗauka, a ƙona sunan masassaƙin da garinsa da shekarar a ƙarƙashinta, a rubuta haka a rasit, a sayar da ita a matsayin sabuwa. Hujjarsu ita ce otal-otal da masu ƙawata gidaje a Turai da Amurka, har da na Abuja da Dakar, suna sayen sabuwar kujerar Nufe ko ta Tonawa don kyanta, kwantena guda, ba sa tambayar shekarunta, kuma mai suna a gindi ba ta kwana a hannun kwastan ko duwan. Wasu dattawa ba su yarda ba. Sun ce ribar guda ɗaya da aka sayar da sunan tsohuwa ta fi ta sababbi ashirin, kuma in ka rubuta sunan masassaƙi da garinsa ka nuna wa mai saye hanyar da zai tsallake ka ya je can da kansa. Wannan magana ta biyu tana da nauyi, duk wanda ya taɓa yin dillanci ya san haka. Sakatare ya sa batun a rana ta biyu bayan sallar Azahar, kuma an gayyato masassaƙa biyu, ɗaya daga Ahwiaa ɗaya daga wajen Bida, su zo da kayan aikinsu da gungume ɗaya ɗaya.